Motar Kawu Da Ciwon Silo

Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota kusa da direba ya ji kalmar silo, ko da bai san ma'anarta ba. Silo shi ne ɗan gurnanin nan da inji yake yi sa'ad da mota take tsaye, direba ya ɗauke ƙafa daga totur, ba a tafiya kuma ba a kashe ba. Mutanen birni ba su cika damuwa da shi ba, domin in mota ta mutu a danja sai a sake murɗa makulli, iyakacinta na baya su dame ka da ham. Amma a wajenmu, can kudancin Kano a ƙasar Doguwa, rashin silo babbar magana ce. Shi ya sa na ga ya kyautu in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin yadda aka yi wa motar kawuna magani, da abin da na tsinta a wurin.

Mai zuwa Doguwa daga Kano yakan bi hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, sa'an nan ya shiga dajin Falgore, wanda ba direban da yake son motarsa ta mutu a cikinsa, balle da dare. In an bar kwalta aka nufi ƙauyukan da ke gindin duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sai a tarar da hanyoyi masu kwazazzabai da rafuka da taɓo. A irin wannan hanya direba ba ya minti biyu bai ɗauke ƙafa daga totur ba, ko don ya sake giya, ko don ya lallaɓa cikin rami. Motar da ba ta da silo kuwa, duk ɗauke ƙafa mutuwa ce.

Motar Kawu tsohuwar Land Rover ce, wadda mutanenmu suke kira Landiroba, irin samfurin da aka ƙera tsakanin 1971 da 1985. Injinta na fetur ne, mai fistin huɗu, lita 2.25, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja. Da kaka ita take fitar da masara zuwa bakin titi, da damina kuwa, in ruwa ya yanke hanya, ita kaɗai take iya fitar da marar lafiya ko mai naƙuda zuwa asibiti. A daminar 2023, ina gida hutu, ina yi wa Kawu karen mota, sai ta ɗauko wani hali. Da safe za ta tashi lafiya, in an taka ta ta yi gudu kamar ba ita ba, amma da an ɗauke ƙafa sai ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Wata rana ta mutu mana a tsakiyar rafi, ga wata mata a baya ciki ya tsufa, ruwa kuma yana ƙaruwa. Da ƙyar da taimakon masu wucewa muka fita.

Kafin nan an riga an kai ta wurin masu gyara biyu a bakin hanya. Abin da kowannensu ya yi shi ne ya ɗauki sukudireba ya ƙara mata silo, har ta koma tana ruri ko tana tsaye. Mutuwar ta ragu, amma giya ta ɗaya ba ta shiga sai da ƙara, in an kashe makulli sai inji ya yi ta kakkarwa kafin ya tsaya, ga shan mai kamar rariya. A shekarar nan kuwa aka janye tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Kawu ya yi lissafi ya ga abin da yake samu a lodi duk yana ƙarewa a tanki. Har ya fara ciniki da masu sayen tsohon ƙarfe, sai wani abokinsa ya ce kafin a yanka ta a gwada wani tsoho a Tudun Wada, wanda ya koyi aiki tun zamanin da ake ginin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974.

Mun same shi a ƙarƙashin wata rumfa, da ɗan akwatin kayan aikinsa. Bayan gaisuwa bai taɓa ko sifana ba. Ya ce a tayar da ita a bar ta ta yi zafi, domin ba a yi wa inji hukunci yana sanyi. Da ta yi zafi ya rage silon nan da aka ƙara, nan take ta fara tari. Sai ya ce, "Alhaji, ɗan ja mini cok kaɗan." Kawu ya ja, inji ya farfaɗo ya daidaita. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, ka ji abin da ta ce?" Na ce, "Baba, sai ka fassara mini." Ya ce, "Cewa ta yi yunwa take ji. Cok iska yake toshewa. In ka rage mata iska ta ji daɗi, to, ko iska ta yi mata yawa, ko mai ya yi mata kaɗan. Da ƙoshi ne ya yi mata yawa, da ka ga baƙin hayaƙi a salansa, ka ji warin fetur, fulogi kuma su yi baƙi ƙirin."

A nan ya kamata in ɗan tsaya in yi wa mai karatu bayanin kafireta, don ya fahimci maganar tsohon. Fetur ba ya ci da kyau a cikin inji sai an gauraya shi da iska, kuma a ma'aunin nauyi ana bukatar kamar kilo 15 na iska ga kilo 1 na fetur. Kafireta ita ce mai wannan gauraye. A cikinta akwai maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya, in iska ta zo wucewa ta wurin sai ta ƙara sauri, ƙarfin danninta ya ragu, ta zuƙo mai daga wani ɗan ƙoƙo ta wata kafa da ake kira babban jet. Wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ya bayyana wannan hali na ruwa da iska tun 1797. A ƙasan maƙogwaron akwai wani faifai da yake buɗewa in an taka totur. To, in aka ɗauke ƙafa faifan nan yakan kusa rufewa, iskar da take wucewa ba ta da ƙarfin zuƙo mai daga babban jet. Saboda haka maƙera suka yi wa silo tasa hanyar daban, 'yar siririya, mai nata ƙaramin jet, wadda take ɓullowa a ƙarƙashin faifan inda zuƙar inji take da ƙarfi. Kafar wannan jet ba ta wuce kamar rabin milimita ba. Ka ga ke nan mota tana iya gudu lafiya a kan babbar hanya alhali ƙaramar ta toshe.

Duk da haka Baba bai fara da kafireta ba. Ya ce yawancin laifin da ake ɗora mata na wuta ne, kuma wanda ya taɓa kafireta bai duba wuta ba ya yi aikin baban giwa. Ya kwance fulogi huɗun ya jera su bisa tsari, ya nuna mini bakinsu ya yi fari fat, shaidar yunwa ta biyu. Ya buɗe dilko ya goge kwantak, ya auna buɗewarsa da wasu 'yan ƙarafan awo masu kama da reza, ya bar shi a wajen milimita 0.4. Ya duba bawul ya ga suna kan milimita 0.25 yadda ya kamata, ya tabbata wuta tana zuwa a kan lokacinta. Sai da ya wanke wuta daga zargi sa'an nan ya juya wajen iska da mai.

Ya aike ni na kaɗo ruwan sabulu a gwangwani. Inji yana aiki, ya riƙa ɗiga ruwan a gindin kafireta, inda ta zauna a kan bututun da yake kai gauraye cikin inji. Da ruwan ya kai wani gefe sai muka ga kumfa tana shigewa ciki, muryar inji kuma ta sake. Ya ce, "Ga ɓarauniyar hanya." Gaskit ɗin wurin ya bushe ya tsage saboda tsufa da jijjigar hanya, iska tana shiga ta bayan fage ba tare da ta bi ta wurin mai ba. In ana gudu wannan 'yar iska ba ta komai cikin yawan da inji yake sha, amma a silo ita ce mai ɓata miya. Ya ce wasu da fetur suke wannan gwaji, shi kuwa ya ga gobarar da hakan ya jawo, don haka ya tsaya ga sabulu.

Daga nan ya kwance ɗan kofin gilashin da ke jikin famfon mai ya ɗaga shi sama. A ƙasansa ga ruwa kwance, ga jar laka. Ya tambayi Kawu inda yake shan mai, Kawu ya ce in tafiya ta kama ba shi da zaɓi sai na jarka a bakin hanya. Baba ya sauke kafireta, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya warware ta ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo mini ƙaramin jet ya ce in duba rana ta cikinsa. Ban ga ko ɗigon haske ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido: abin da ya kusa kai mota mai ɗaukar buhunan masara wurin masu yanka bai kai ƙwayar gero ba. Ya jiƙa jet ɗin a fetur mai tsabta, ya hure shi da famfon taya ta baya, ya hure hanyoyin cikin kafiretar duka. Ya gargaɗe ni kada in taɓa zura allura ko waya a ciki, domin jet na tagulla ne, da an yaƙushe shi kafar ta faɗaɗa, mota ta koma shan mai har abada. Ya yanka sabon gaskit daga takardarsa, ya mayar da komai, ya ɗaure notuna a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kada gindin ya karkace. Ya kuma wanke matatar iska ya sake mata baƙin mai.

Saura saiti. A jikin kafireta akwai sukurori biyu na silo, ɗaya yana tokare faifai ya ƙayyade saurin inji, ɗaya kuma mai tsini yana ƙayyade yawan gaurayen da zai fita. Ya murɗa mai tsinin ciki da yatsu biyu har ya zauna, ba tare da ya matse ba, ya dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Aka tayar, aka jira ta yi zafi. Ya shigar da shi sannu sannu har inji ya fara tuntuɓe, ya fito da shi har ya fara lilo yana hawa yana sauka, sa'an nan ya tsayar da shi a tsakani, inda murya ta fi daɗi. Bayan haka ya rage ɗaya sukurun. Littattafan gyara sukan ba irin waɗannan injuna juyi 600 zuwa 800 a minti, amma Baba ba shi da agogon awo, tafin hannu ya ɗora a kan mota ya karkata kunne. Ya sa Kawu ya taka totur ya saki farat ɗaya har sau uku, ya kunna fitilu, ya taka kuloci. Ba ta ko yi tari ba. Kawu ya ce, "Malam, nawa ne?" Abin da ya faɗa bai kai kuɗin man da take ɓarnatarwa a kwana biyu ba. Ya ƙara da cewa a riƙa tace mai da ƙyalle, a kuma duba kofin gilashin nan duk ranar kasuwa. Daminar nan har ta ƙare motar ba ta sake mutuwa a rafi ba, zancen masu tsohon ƙarfe kuma ya sha ruwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsarin aikin tsohon nan. Ya fara da sauraro, ya yi gwaji guda wanda ya raba yunwa da ƙoshi, ya kawar da zargi ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa sukurun saiti ba sai a ƙarshe, alhali da shi na farko suka fara. Wannan tsari shi ake koya mana a jami'a da sunan hanyar bincike, shi kuwa da Hausa tsantsa ya yi mini bayaninsa, ban nemi ƙamus ba.

Tun farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci a Turai da Amurka suka bar kafireta suka koma ga injin da kwamfuta take auna wa mai, masu kunne irin na Baba kuwa kullum raguwa suke yi. Sai dai kafireta ba ta bar mu ba tukuna. Tana nan a jikin yawancin baburan da suke kai mu ƙauye, da ƙananan janareto na ɗakunan ɗalibai, da injunan ban ruwa na masu noman rani a Kadawa. Duk ranar da ɗayansu ya ƙi zama sai an ja masa cok, to, mai karatu ya san abin da yake faɗa, ya kuma san inda zai fara dubawa kafin ya kai hannu ga sukudireba.