Kafin ka sayi jirgi mai saukar ungulu na wasa, koyi faɗuwa tukuna

Yau ba maganar farashin hatsi ko ta jinkirin albashi na kawo muku ba. Labari ne na wata wauta da na tafka da hannuna, na biya kuɗinta, na kuma ga ya kamata in faɗa, domin duk wanda ke da niyya irin tawa ya tsira da aljihunsa da mutuncinsa a gaban ƴaƴansa.

A farkon shekarar 2023 autana, wanda ke kwaleji a nan Maraɗi, ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Da ma na yi masa alkawarin abin da yake so, shi kuwa tun yana ƙarami ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar jirgi mai saukar ungulu. In ya ji ƙararsa a sama, ko tuwo yake ci sai ya fita tsakar gida. Saboda haka da wani ɗan'uwana ɗan kasuwa zai tafi sarin kaya ƙasar Sin, na ba shi saƙo ya sayo mini ƙaramin jirgin nan da ake tuƙawa daga nesa. Ya tambaye ni wane iri, na ce masa babba, mai kyau, wanda ba za a raina ba. Wannan ita ce amsar da ta cinye mini kusan rabin albashin wata.

Ranar da kaya suka iso, muka ɗauki jirgin da la'asar muka nufi filin ƙwallo na bayan lakwal, yaran unguwa na biye da mu. Na ce wa yaron ya bari in fara gwadawa, tun da ni ne babba, na kuma shekara ashirin ina tuƙa mota. Na tura sandar wuta, farfela ta ɗauki kuka, jirgi ya ɗaga. Bai kai tsayin mutum ba sai ya juyo da hancinsa ya fuskance ni. Na ga ya karkata wajen itacen dogon yaro da ke hagu da ni, na tura sanda dama don in kawar da shi, sai ya ƙara gudu zuwa hagun. Duk abin bai kai minti guda ba. Fikafikan farfela suka karye, ƙarfen da ke juya su ya lanƙwashe, haƙoran giya suka zube a cikin rairayi. Yaran unguwa suka fashe da dariya. Nawa yaron bai ce uffan ba, ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin yana zubawa a aljihun rigarsa. Wannan shirun ya fi mini dariyar ciwo. Da muka koma gida uwargida ta dubi kwalin ta ce: "Malam, ashe kyautar taka ce ba ta yaron ba."

Daga wannan rana na shiga bincike, abin da ya kamata in yi tun kafin in ba da saƙo. Abu na farko da na gane shi ne, waɗannan jirage ba iri guda ba ne, kuma ba girma ke bambanta su ba. Kashi uku ne. Akwai mai farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa saɓanin juna. Wannan shi ne mafi sauƙin hali, domin in ka saki sanda sai ya tsaya cik a iska. Sai dai na cikin ɗaki ne, iska kaɗan ke kwashe shi. Da yawa daga cikin masu arha, irin su Syma S107, da hasken infirared ake ba su umarni kamar rimot ɗin talabijin, kuma hasken rana na rikita wannan haske. To, ƙasar da rana ba ta hutu kamar tamu, ka fita da shi waje da tsakar rana, ka yi sallama da shi.

Kashi na biyu shi ne mai farfela guda a sama da ƴar ƙarama a wutsiya, wanda kwanciyar fikafikansa ba ta canzawa. In kana son ya hau sai ka ƙara gudun inji, in kana son ya sauka ka rage. Layin umarninsa huɗu ne: hawa da sauka, gaba da baya, hagu da dama, da kuma juya hanci. WLtoys V911 na cikin waɗanda suka yi suna a wannan kashi. Ba shi da nauyi, saboda haka in ya faɗi a ciyawa ko yashi, sau da yawa sai ka kaɗe shi ka sake tashi.

Kashi na uku shi ne wanda na saya ban sani ba. A nan farfela na gudu da sauri kusan iri ɗaya koyaushe, kwanciyar fikafikan ce ke canzawa, daidai yadda jirgin gaske ke yi. Layin umarninsa shida ne, yana jure iska, gwanaye har kifa shi suke yi ya tashi ciki a sama. Amma ba ya tsayawa da kansa. Ka ɗauka an ɗora maka ƙwai a kan faranti an ce ka yi tafiya da shi, ko'ina ya gangara sai ka tare. Wani Bajamushe mai suna Dieter Schlüter ne ya fara fitar da jiragen saukar ungulu na wasa kasuwa a farkon shekarun 1970, kuma tun lokacin masu wannan sha'awa sun san cewa koyon tsayar da shi wuri guda a iska shi ne babban aiki. Matsakaitansu, irin T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan, kowane fiffike ya haura santimita 30, yana kuma juyawa wajen sau 3000 a minti. Manyan kuwa faɗin da'irar farfelarsu ya kai mita ɗaya da rabi. Wannan ba kayan wasan yara ba ne. A shekarar 2013 a birnin Niyok na Amurka wani saurayi ɗan shekara 19, wanda ma gwani ne, ya rasa ransa da jirginsa ya sare shi a ka. Da na karanta wannan labari, na tuna yaran da suka kewaye ni a filin ƙwallo, sai jikina ya yi sanyi. Ashe Allah ne ya kiyaye, itace ya tare mana.

Abu na biyu da na gane shi ne dalilin faɗuwata. Jirgin ba ya sanin damarka, tasa damar ya sani. Muddin wutsiyarsa na wajenka, damarka da tasa ɗaya ne. Da zarar ya fuskance ka, komai ya juye: ka tura dama ya tafi hagunka, ka tura gaba ya nufo fuskarka. Sanin wannan da ka ba ya wadatarwa, domin kafin ka yi tunani ya riga ya kai ƙasa. Sai yatsu sun koya da kansu, yatsu kuwa ba sa koyo sai da maimaici, maimaici kuma ba ya yiwuwa sai an faɗi sau ɗaruruwa. Wa ke da kuɗin faɗuwa ɗari?

A nan ne manhajar koyon tuƙi ta shigo, wadda Faransawa ke kira simulateur. Ana sa ta a kwamfuta, a haɗa akwatin sarrafa jirgin, wanda mu a gida muke ce wa linzami, da wayar USB. Sai ka ga fili a allo da jirgi a ajiye, yana amsa sandunanka kamar na gaske. In ya faɗi ka danna maɓalli ya dawo sabo, ba ka biya ko dala ba. Akwai RealFlight ta kamfanin Horizon Hobby na Amurka, wadda ta daɗe a fagen, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Akwai aerofly RC, da neXt, da AccuRC. Mu Heli-X muka fara da ita, domin tana da kashin gwaji na kyauta kuma tsohuwar kwamfutar da nake aikin ofis da ita a gida ta iya ɗaukarta. Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin kowace manhaja sai ka gwada ta kyauta ka ga kwamfutarka na tafiya da ita ba tare da tsinkewar hoto ba. Hoto mai tsalle-tsalle mugun malami ne.

Abin da ya fi manhajar muhimmanci shi ne linzamin. Ka koya da wanda za ka tashi jirgin gaske da shi, domin yatsa na sabawa da taurin sanda da tsayinta. Na yanzu yawancinsu a kan zangon 2.4 GHz suke aiki, amma ba kowane linzami ke jin yaren kowane jirgi ba, don haka a tambaya kafin a saya. Akwai irin na RadioMaster da ke jin yarukan kamfanoni da yawa, suna kuma shiga kwamfuta kai tsaye. Sa'an nan a lura da tsarin sanduna. A tsarin da ake kira Mode 2 sandar wuta na hannun hagu, a Mode 1 kuwa tana dama. Amurkawa da yawancin duniya na kan na biyu, amma a Faransa da Japan an daɗe ana amfani da na ɗaya. Mu da muke karanta bayani da Faransanci muna sayen kaya daga Sin ko Kano, sai mu yi hattara. Ka zaɓi guda ka tsaya a kansa.

Na yi niyyar in aiko da kayan gyaran babban jirgin ta hanyar Kano, sai aka rufe iyaka bayan juyin mulkin ƙarshen Yulin 2023. Hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta tsaya, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ma aka yanke. Ba a sake buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Abin da ya zama wahala ga ƙasa baki ɗaya, a wannan ɗan lungu na rayuwarmu ya tilasta mana haƙurin da ba mu da shi. In kuran ya zo mu cika batirin kwamfuta, bayan sallar isha'i mu zauna a tabarma, kowa minti goma sha biyar. Muka bi abin daki-daki. Da farko tsayar da jirgi wuri guda wutsiya na wajenmu. Da wannan ya zauna, sai gefen dama, sai gefen hagu, daga ƙarshe hanci na kallonmu. Muka kafa doka cewa wanda ya faɗi sau uku ya miƙa linzami, domin in faɗuwa ta zama banza ƙwarai, hannu ba ya koyon tsoronta. Daga baya muka riƙa kunna iska a cikin manhajar, tun da mun san abin da hunturu ke yi a garinmu.

Ba zan ɓoye muku ba, yaron ya wuce ni nesa. Cikin ƴan makonni yana tsayar da jirgi hanci na kallonsa, ni kuwa ina ta faɗuwa. Wani dare ya ce mini: "Baba, kana tura sandar da ƙarfi kamar sitiyarin mota. Taɓa ta kaɗan ka dawo da ita tsakiya, kada ka jira sai ya yi nisa." Na yi shiru, na gwada, abin ya yi. Mutumin da ya ƙwace linzami a filin ƙwallo don shi ne babba, ga shi yau ɗalibin ɗansa. Ban taɓa jin daɗin a gyara mini kuskure kamar wannan dare ba.

Da hanya ta buɗe ban gyara babban jirgin ba. Ƙarami na aika aka sayo, mai layi huɗu, wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Wannan karon na rubuta wa ɗan'uwana jeri: fikafikai na ajiya, farfelar wutsiya, giya, ƙafafun sauka, injin ajiya, da batura da yawa. Ga ɗan kasuwa wannan ba sabon karatu ba ne. Ba wanda zai sayi babbar mota alhali ba a samun kayan gyaranta a gari. Jirgin da ba shi da kayan gyara, ranar faɗuwarsa ta farko ita ce ranar jana'izarsa.

Batura kuma suna son kula ta musamman a ƙasa mai zafi. Irin LiPo ne, kowane ɗaki nasa na cika a kan volt 4.2, ba a so a zuƙe shi ƙasa da 3.3 ko kusa da haka, in kuma za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8. Tashi guda bai wuce minti biyar zuwa takwas ba. Kada a bar shi cikin mota a watan Afrilu, kada a sa shi caji a tafi barci, wanda ya kumbura kuma a rabu da shi, domin yana iya kamawa da wuta. Rairayi ma abokin gaba ne, yana shiga giya da inji, shi ya sa muke shimfiɗa tabarma mu tashi daga kanta. Muna fita da sassafe kafin iska ta taso, ƴan kallo su tsaya a bayanmu. Kuma a halin da ƙasa ke ciki, kowa ya nisanci filin jirgi da barikin soja da gine-ginen hukuma, ya nemi bayani wurin mahukuntan garinsa da hukumar ANAC mai kula da sufurin sama kafin ya ɗaga wani abu sama.

Manhaja ba ta koyar da komai. A allo ba ka jin bugun zuciya, ba ka kuma auna nisa yadda ido ke yi a fili. Ranar da muka fita da ƙaramin jirgin hannuna na rawa. Amma wannan karon yaron na miƙa wa linzami. Ya ɗaga shi daidai ƙirji, ya tsayar, ya juyo da hancinsa gare mu, ya mayar, ya sauke shi a kan tabarma. Sa'an nan ya miƙo mini ya ce: "Baba, saura kai."

To, mai karatu, in ɗanka ya roƙe ka irin wannan, ko kai kanka ranka ya biya, ga jerin da na saya da tsada: linzami tukuna, sai manhaja, sai watanni na koyo, sa'an nan ƙaramin jirgi tare da kayan gyaransa. Babban ya jira. Namu yana nan bisa kabad cikin kwalinsa, mun yi shawara ba za mu taɓa shi ba sai hannunmu ya ƙara nuna. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji masu iya magana, ashe har da uban yaron. Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma raya mana zuriya.