Onigiri: Dunƙulen shinkafar da ke rufa wa matafiya asiri a Japan

Uwargida, idan Allah ya kai ki Japan, ko rakiyar maigida wurin karatu ko ziyarar ɗan'uwa, abin da zai fara girgiza miki jaka shi ne jirgin ƙasa. Tikitin Shinkansen, jirgin nan mai gudun walƙiya da ya fara aiki a 1964, yana kai wa wajen yen 14,000 ga babba ɗaya daga Tokyo zuwa Osaka, yara 'yan shekara 6 zuwa 11 kuma rabin haka. Tafiyar sa'o'i biyu da rabi ce, kin kuwa san yaro ba ya yin wannan zama bai ce yunwa ba. Tun ƙarshen Oktoban 2023 aka daina zagayawa da keken sayar da abinci a taragun wannan layi, don haka guzurinki a tasha za ki haɗa shi kafin ki hau.

A Tashar Tokyo abin da zai fara ɗaukar miki ido shi ne akwatunan abincin tafiya da suke kira ekiben, an jera su reras kamar kayan lefe. Suna da kyau, amma ɗaya yakan kai yen 1,000 zuwa 1,500. Ke da yara uku, kin tashi wajen 5,000 ke nan. Ki daure ki wuce, ki nemi ƙananan kantunan da ake kira konbini, irin su NewDays da ke cikin tashoshi, ko 7-Eleven, Lawson da FamilyMart. Can a kanta mai sanyi za ki ga wasu dunƙule-dunƙule masu kusurwa uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Su ne onigiri. Yawancinsu tsakanin yen 150 da 200 ne, ko da yake tsadar shinkafar da ta taso tun 2024 ta ɗaga farashin. Bibbiyu ga mutum huɗu, yen 1,600 ya ishe ku.

Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, 'yar'uwar shinkafar tuwo, sai dai ba a tuƙa ta. Dafa ta ake yi, a jiƙa hannu, a shafa gishiri, a dunƙula ta a hankali yadda ƙwayoyin za su riƙe juna ba tare da sun dame ba. A tsakiya ake ɓoye ɗan mahaɗi, sannan a naɗe da nori, busasshen ganyen teku mai duhu, siriri kamar takarda. Ba cokali, ba kwano, ba miyar da za ta zube wa yaro a riga. Tsohon abokin jirgin ƙasa ne kuwa: labarin da aka fi bayarwa shi ne, abincin tasha na farko da aka sayar a Japan, a Utsunomiya cikin 1885, onigiri biyu ne da ɗan tsimin kayan lambu, an ƙunshe su a ɓawon gora.

Buɗe shi ma da ƙa'ida. Akwai leda tsakanin ganyen da shinkafar don kada ganyen ya yi laushi. Ki duba lambobi 1, 2, 3 a jiki: ki ja na 1 daga sama har ya zagaye, sannan ki zare kusurwar 2, ki zare ta 3. Ganyen da kansa zai rungume shinkafar, yana ƙaras-ƙaras. Ki nuna wa yara sau ɗaya, sauran su za su karɓe aikin.

Wanne za ki ɗauka? Akwai mai kifin salmon gasasshe, da mai kifin tuna da mayonis. Akwai mai kombu, wani ganyen teku da ake dafawa da zaƙi-zaƙi, akwai mai umeboshi, ɗan itace tsimamme mai tsami da gishiri wanda ya sha gaban tsamiya. A nan sai kin buɗe ido, domin ganin kifi a hoto bai isa shaida ba. Wasu ana sa musu romon alade ko sinadarin da aka samo daga gare shi, wasu kuma mirin, wato giyar shinkafa ta girki. Ki haska takardar bayan ledar da manhajar fassara ta wayarki kafin ki biya. Wanda ya fi ƙarancin haɗe-haɗe shi ne shio musubi, shinkafa da gishiri zalla. Ki haɗa shi da dafaffen ƙwai da ayaba, duk a kanti ɗaya, ciki ya ɗauka.

Mu da muke aikin jinya akwai abin da ba ma wasa da shi: dafaffiyar shinkafar da ta daɗe a wuri mai ɗumi. Wata ƙwayar cuta na iya tsira daga dahuwa, ta hayayyafa, ta jawo amai da gudawa, ɗumame kuma ba ya kashe dafinta. Shi ya sa ake buga wa onigiri rana har da sa'ar da wa'adinsa zai ƙare. Ki karanta, ki saya dab da tashi, kada wanda ya rage ya kwana a jaka. Yaron da bai kai shekara uku ba, ki yayyaga masa ganyen ƙanana ko ki cire shi, don yakan manne a maƙogwaro, ki kuma lalubi ƙwallon umeboshi kafin ki miƙa. Mai tuna da mayonis akwai ƙwai a ciki, idan kina da yaron da ƙwai ba ya karɓarsa.

Ki kuma san inda ake ci. A Shinkansen kowace kujera da ɗan teburinta, kowa buɗe guzurinsa yake yi. A jiragen cikin gari kuwa ba a saba ci ba, za a yi ta kallonki. Ledojin ki tattara, akwai kwandon shara a mashigar tarago. Idan za ki yanki tikiti daga Tokyo, ki nemi kujerar E, ta gefen dama. Bayan kamar minti 40, in gari ya yi garau, Dutsen Fuji zai bayyana a taga, lokacin da ya dace ke nan a buɗe ledar farko.

Ko ba ki da niyyar Japan, dabarar ta isa aro. Shinkafar tuwo, gishiri, ɗan dambun nama ko soyayyen kifi a tsakiya, ki dunƙula da tsabtataccen hannu da safen tafiya. Zafin ƙasarmu dai ba ya ɗaga ƙafa: in ba a kula mai ƙanƙara kika sa ba, a cinye cikin sa'o'i biyu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.