Ba duk mai haƙori ne kan sarki ba

Tun da aka san ina tara tsofaffin kan sarki, mutane ke turo mini hotunan wasu 'yan takardu masu rubutun Japan da suka tsinta a akwatin iyayensu, kuma tambayar ɗaya ce kullum: nawa za su yi? Ba abin mamaki ba ne a same su a gidajenmu, domin a shekarun 1950 da 1960 yadin Japan ya cika kasuwannin ƙasar nan, wasiƙun 'yan kasuwa na ta zuwa daga Osaka. Amma kafin a yi maganar kuɗi sai an san abin da ke hannu, don abubuwa uku ne masu kama da juna: kan sarkin wasiƙa, kan sarkin haraji, da takardar liƙe ambulan.

Ba sai ka iya Japananci ba. Kalmomi biyu za ka haddace siffarsu. Idan ka ga 郵便, wato yubin, na gidan waya ne. Idan ka ga 印紙, wato inshi, na haraji ne, bai taɓa kai wasiƙa ko'ina ba. A tsofaffin, rubutun daga dama yake farawa kamar ajami, saboda haka za ka iya ganin haruffan a juye. Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka koma rubutawa daga hagu.

Mu nan abin yana ruɗa mu ne don mun saba da guda ɗaya mai aiki biyu. Wanda ake manna wa wasiƙa shi muke manna wa rasit mu sa hannu a kai. Japan ta raba su tun farko. Gidan wayarta ya fara aiki a 1871 a ƙarƙashin Maejima Hisoka, kan sarkin haraji na takardu kuma ya fito a 1873. Daga baya aka yi na taba daban, na magunguna daban, na ƙara a kotu daban, na rajista daban, har 1898 da aka haɗa akasarinsu a guda ɗaya mai suna 収入印紙. Yana nan har yau: rasit ɗin da ya kai yen 50,000 sai an manna masa na yen 200, a buga ɗan hatimin suna rabi a kansa rabi a kan takarda. Shi ya sa in ka ga jan tambari zagayayye ɗan ƙarami, ko an ja layi da tawada, maimakon baƙin hatimi mai kwanan wata, ka fara zaton na haraji ne.

Na ukun ya fi sauƙi. Takardar liƙe ambulan ba ta da farashi a jikinta. Ma'aikatan gidan waya ke manna ta idan wasiƙa ta yage a hanya, ko suka buɗe ta don neman adireshin wanda ya aiko. Akwai kuma wata mai alamar gicciye mai sanda biyu, wadda ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta Japan ke fitarwa tun 1952 don tara gudunmawa. Tana da kyau ƙwarai, amma ba kan sarki ba ce.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne, muna ce musu kan sarki alhali babu kan sarkin a jiki. Japan ba ta sa fuskar sarkinta a tsofaffin ba. Tambarin gidan sarauta ta sa, furen kiku mai ganye 16, daga 1872 har 1947. Idan furen na nan, abin bai wuce 1947 ba. Idan ka ga NIPPON da boko, daga 1966 ne zuwa sama. Kuɗin ma na nuna zamani: na farkon, masu hoton dodanni biyu, da tsohon kuɗi mon aka yi su, 48, 100, 200 da 500. Bayansu sai sen, wanda 100 ke yin yen ɗaya, kuma an daina kashe sen a 1953.

Inda na fi jin daɗi shi ne hatimin gidan waya. Na cikin gida da shekarar sarauta yake lissafi, ya fara da shekara, sannan wata, sannan rana. Meiji ta fara a 1868, Taisho a 1912, Showa a 1926. Sai ka ƙara 1867, ko 1911, ko 1925 a kan lambar farko. Ɗauki 42.6.14. Ba 1942 ba ce, kodayake na sha ganin masu sayarwa suna rantsuwa kayan lokacin yaƙi ne. Taisho ba ta wuce shekara 15 ba, ta fita ke nan. Saura Meiji 42, wato 1909, ko Showa 42, wato 1967. Kan sarkin ne zai raba gardama: mai fure da sen na 1909 ne, mai NIPPON na 1967. Wasiƙun da suka fito waje, irin waɗanda suka zo wa iyayenmu, yawanci hatiminsu da boko yake, da shekarar Miladiyya, sunan gari kamar KOBE ko YOKOHAMA a sama.

Yanzu maganar da ba a son ji. Idan aka tallata maka mai dodanni ko wani na shekarun 1870 a kan araha, ka ɗauka jabu ne har sai masani ya tabbatar. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwa a Tokyo, Wada Kotaro, ya buga su da yawan gaske yana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido, suka bazu duniya, har sun fi na gaskiya yawa. Wasu ya saka musu ƙananan haruffa 参考 ko 模造 da ke nuna kwaikwayo ne, sai a buga hatimi a kai ya rufe su. Samo madubin ƙara girma ka duba, ka kuma ƙirga ganyen furen. In bai cika 16 ba, an gama magana. In ya cika, ba hujja ba ce tukuna.

Roƙona ga masu turo hotuna: kada ku ɓamɓare, kada ku jiƙa. Yawancin na shekarun 1960 an buga miliyoyinsu, shi kaɗai ko kuɗin shayi ba zai yi ba. Amma a kan ambulan ɗinsa, da hatimin Osaka a gaba da na Legas ko Ibadan a baya, yana faɗa maka kwana nawa wasiƙar ta yi a hanya da kuma wanda mahaifinka ke ciniki da shi. Ku ɗauko hoton ambulan ɗin gaba da baya cikin haske, ku rufe adireshin gida da yatsa, in karanta muku kwanan watan.