Gyaran Ƙafar MGB, Motar Da Ta Girme Mu

Yau ba maganar waya na zo maka da ita ba, maganar mota ce, amma ka daure ka karanta har ƙarshe don akwai abin da ya shafi aljihunka a ciki.

Sana'ata gyaran waya. Idan na rufe shago da dare, abin da datata ke ƙarewa a kai shi ne bidiyon masu farfaɗo da tsofaffin motocin ƙawa a YouTube. Wadda ta fi kama raina ita ce MGB, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da aka ƙera a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga 1962 zuwa 1980. An yi sama da rabin miliyan, shi ya sa har gobe ana ƙera mata sababbin kayan gyara. Ɓangaren da na fi bibiya kuwa shi ne ƙafa, wato sifirin da shokazoba da bushin da duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota.

Ƙafar gaban MGB ba irin ta motocin yanzu ba ce. Shokazobarta ba doguwa ba ce kamar gora. Wani ɗan akwati ne mai mai a ciki, ƙirar kamfanin Armstrong, da hannu ya fito daga jikinsa, kuma wannan hannun shi ke riƙe da taya daga sama. Ka ga ke nan idan ta lalace, ba tsalle kaɗai motar za ta riƙa yi ba, tayar ma za ta fara rawa. Sai wani ƙarfe a tsaye da taya ke juyawa a kansa idan ka murza sitiyari, makanikai na ce masa kinfin. Shi kuma abincinsa giris ne, idan aka bar shi da yunwa sai ya cinye kansa. A baya kuwa sifirin mai faranti-faranti ne, irin wanda ka saba gani a ƙarƙashin a-kori-kura.

Abu na farko da na lura da shi, gwanayen ba sa ɗaukar sifana sai sun gwada. Za a ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan akwai wasa, sai wani ya taka birki a sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne. In yana nan, to a duba kinfin ko bushin. Gwajin minti biyu, amma shi ke raba ƙaramin kashe kuɗi da babba. Haka yake a teburina. Mutum goma za su kawo waya su ce ba ta caji a canza batir, da yawansu datti ne kawai ya toshe bakin cajin. Wanda bai gwada ba, sayar maka da kaya yake yi, ba gyara ba.

Na biyu, hoto kafin a kwance komai. A nan wayarka ta zama kayan aiki. Ana ɗaukar kowane noti a inda yake, da yadda wasa-wasai suka jeru, sannan a zuba na dama daban na hagu daban. Kuma ba a kwance ɓangare biyu lokaci ɗaya, ana barin ɗaya a haɗe don ya zama abin dubawa. Duk mai gyaran waya ya san wannan tsoron: dogon sukuru ɗaya ya shiga ramin gajere, ya huda fanel, shi ke nan wayar mutane ta tafi.

Amma fa akwai inda mota ta bambanta da waya nesa ba kusa ba. Sifirin gaban nan mai nannaɗe yana danne ne da nauyin inji. Ka kwance notinsa haka kawai, zai iya tashi ya karya maka hannu ko ya fasa maka fuska. Yadda ake yi, ana ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, a sa jak a ƙarƙashin farantin da sifirin ke zaune a kai, a cire notuna, sannan a riƙa saukewa a hankali har ƙarfinsa ya ƙare. Don Allah ɗan uwa, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Waya in ta ƙone a sayi wata, rai kuwa ba shi da kasuwa.

Idan an buɗe, abin mamakin shi ne sau da yawa ƙarafan lafiyarsu ƙalau. Mai laifin 'yar roba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, ta bushe ta tsattsage saboda shekaru. A nan mai mota ke zaɓi. Ko ya mayar da roba irin ta asali, tafiya ta yi laushi, ko ya sa na foliyuretan masu tauri, sun fi daɗewa amma za ka fi jin kowane rami a bayanka, wani lokaci har da ƙara idan ba a shafa musu giris ba. Wasu kuma na sa bushin samfurin MGB mai injin V8 a hannun ƙasa don sun fi na asali juriya.

Yanzu ga wurin da ya fi burge ni. Bayan an haɗa komai, ba a ɗaure notunan bushin roba tamau alhali taya na lilo a sama. Sai an sauke motar ta zauna da nauyinta, an ɗan danna ta ta daidaita, sannan a ɗaure. Dalili kuwa, robar ba juyawa take a kan ƙarfe ba, murɗewa take. In ka ɗaure ta a sama, da zarar mota ta sauka robar ta riga ta murɗe tun ba a yi tafiya ba, kafin ka ankara ta yage. Kaya sabo, kuɗi sun fita, amma aiki ya lalace saboda an gabatar da abin da ya kamata a jinkirta. Daga nan sai a kai alaimen, a saita tayoyin gaba su ɗan kalli juna da kusan milimita 2, in ba haka ba sababbin tayoyi su cinye ta gefe ɗaya.

Abin da ke sa ni kishi, motar nan da noti aka haɗa ta, an yi ta ne don a buɗe a gyara a mayar. Mu kuwa wayoyin da ake kawo mana yau da gam aka manne su, sai ka gasa su da zafi kafin su yarda su buɗe.

To me za ka ɗauka a nan, kai da ba ka da MGB? Ranar da ka kai motarka, ko babur, ko wayarka gyara aka ce maka "sai an canza duka", ka ce a nuna maka. A girgiza tayar a gabanka, a sa mita a batirin kana kallo, kuma a ba ka tsohon kayan da aka cire. Mai gyara na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, daɗi ma yake ji. Wanda ya ɓata rai, ka ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Makanikai da ke cikinmu, ku faɗa mana a ƙasa, ku ma sai mota ta sauka kuke ɗaure bushin? Allah ya sa wa sana'armu albarka.