Tsatsar da Kaka Ya Shuka

Daminar 1988 ce, shekarar da dam ɗin Bagauda ya fashe a watan Agusta. Ruwa bai bar katangar kowa a Ƙofar Wambai ba, bai kuma bar bindigar kakana ba.

Kaka yana cikin 'yan bindigar da ke bin hawan Sallah zamanin Sarki Ado Bayero. Babbar Sallar shekarar ta faɗo a ƙarshen Yuli. Da ya dawo daga Hawan Daushe zazzaɓi ya kwantar da shi, aka jingine adakar a lungun zaure ba a wanke ta ba. Dattin albarushi kuwa abokin laima ne. Kafin ya miƙe, bututun ya yi ja kamar an barbaɗa masa barkono.

Na zaci maƙera za a kai ta. Sai ya raba ƙarfen da ƙotar, ya sa ni gurza da yashi mai laushi har ya yi fari, muka wanke da ruwan toka mai zafi don maiƙo ya fita. Abin da ya yi bayan nan ya ɗaure min kai. Ya jiƙa tsumma da ruwan gishiri da lemon tsami, ya shafe ƙarfen da na sha wahalar gogewa, ya rataye shi kusa da randa.

"Kaka, ai tsatsa zai sake yi!"

"Ita nake nema, abokina. Wadda ta zo da kanta ɓarna take yi. Wannan ni na gayyato ta."

Da safe ƙarfen ya yi ja-ja, lallausa kamar garin lalle. Ya kwantar da shi cikin tsohon indararon da aka liƙe wa baki biyu, ya cika da ruwan sama, muka hura wuta. Ina kallo jan ya rikiɗe baƙi. Sai da na je sakandare na gane cewa tafasa ce ke mayar da jar tsatsa mai cin ƙarfe ta zama baƙa mai manne masa, ta kuma riƙe mai. Baƙin ƙarfe ba baƙo ba ne a unguwarmu, don dukawa da kashin maƙera suke haɗa kuloko, baƙin rinin fata, ga warin bagaruwa daga majema kullum a hancinmu.

Shafawa, jira, tafasawa, gogewa: sau bakwai muka maimaita. Ya ce da hunturu ne ko fara aikin ba zai yi ba, iska ta bushe.

A zagaye na huɗu na ci ƙosai, na ɗaga bututun da hannu in duba. Ban faɗa ba. Ranar da ya shafe shi da man gyaɗa, ƙarfen ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, sai ga shatin babban yatsana fari-fari kusa da kunama. Ya daɗe yana kallo, ya kama hannuna ya gwada yatsan a kai.

"To, ka sa hannu," in ji shi. "Gobe kai za ka ɗauko min ita zuwa Ƙofar Kudu."