Kwanakin Havasu, da babur ɗin ruwa na tsaye

Litinin

Oktoba ta shigo, amma zafin Arizona bai sauka ba. Lake Havasu City na bakin tafkin da madatsar Parker ta tara a kan kogin Colorado, kuma tun 1982 a nan ake gasar duniya ta baburan ruwa. Mai masaukina dattijo ne, bakanike. Yana da tsohon Kawasaki JS550 a gareji, yana so ya tayar da shi kafin Asabar. Ya ce in zo in riƙa miƙa masa sufana.

Talata

Yau na ƙare wa babur ɗin kallo. Ba kujera. A baya akwai ɗan wurin tsayuwa mai shimfiɗar roba, faɗinsa da ƙyar ya ɗauki ƙafa biyu, shi ya sa mahayi ke sa ɗaya gaba ɗaya baya. Abin riƙewa yana kan wata doguwar sanda da aka ɗaure a hancin babur ɗin, tana ɗagawa tana sauka. Ka durƙusa ta bi ka ƙasa, ka miƙe ta taso tare da kai. Dattijo ya ɗaga ta, sai ga inji a ƙarƙashi, silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janaretan shago. Kafireto ya toshe da tsohon mai. Muka wuni a kansa.

Laraba

Hannu na aiki, baki na ba da tarihi. Mai wannan fikira Clayton Jacobson II ne, ma'aikacin banki mai son tseren babur a hamadar Kalifoniya. Faɗuwa a kan tsakuwa ta ishe shi, sai ya nemi babur ɗin da in ya kayar da mutum, ruwa ne zai tare shi. A 1965 ya ƙera na farko da alminiyam, sandarsa a kafe. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fara karɓar fikirar, ya fito da Sea-Doo na zaune a 1968, kasuwa ba ta karɓa ba, aka ajiye. Sai Kawasaki na Japan, wanda a 1973 ya fito da Jet Ski na tsaye iri biyu, WSAA mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da WSAB mai ƙasa da tsini, duka da inji mai cc 400. JS440 ya biyo baya a 1977, na garejinmu kuwa a 1982 aka fara yin irinsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an ƙera abin nan da sanin cewa mahayi zai faɗi. In ya kife, da kansa yake juyowa daidai. In mutum ya saki, injin ya koma silo, kan ya karkata, babur ɗin ya yi ta kewaye a hankali har mai shi ya yi iyo ya kamo shi. Na ga hikima da tausayi a wannan. Daga baya aka koma ɗaura igiya a wuyan hannu, wadda ke kashe inji da zarar an faɗi.

Alhamis

Mun kwanta a ƙarƙashinsa. Babu farfela a waje da za ta yanki mutum. Ruwa na shiga ta wata taga mai ƙarafa a ciki, farfelar da ke ɓoye cikin bututu ta matsa shi, ya fita ta baya da ƙarfi. Bakin bututun ne ke juyawa in an karkata hannu. Dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, riƙe wannan: ka saki totur, ka rasa sitiyari. Birki kuwa babu." Sabon mahayi in ya tsorata sakin totur yake yi, a daidai lokacin da ya fi bukatar juyawa.

Juma'a

Sabon fulogi, sabon mai. Da la'asar ya tashi, shuɗin hayaƙi ya cika gareji.

Asabar

Jikar dattijo ce ta hau. Ta kwanta rub da ciki a baya, ƙafafu na jan ruwa, ta ba shi wuta, ta ja gwiwoyi ta durƙusa, sai da gudu ya kankama sannan ta miƙe. In babur ɗin yana tafiya a hankali lilo yake yi, gudu ne ke daidaita shi. A kwana ta kwantar da jiki har gwiwar hannunta ta kusa shafar ruwa. Rabin tuƙin a cinya da ƙugu yake.

Lahadi

A filin gasa na ga sababbi. Dokokin hayaƙi sun matsa wa injin gauraye, Kawasaki ya daina 800 SX-R a 2011, ya dawo a 2017 da SX-R mai cc 1,498, nauyinsa wajen kilo 250, kusan ninkin namu. Yamaha ma, da ta fara SuperJet a 1990, ta koma injin da ba a gauraya wa mai a 2021. Sun fi gudu, sun fi tsabta, ruwan tafki ya huta da maiƙo, kuma na yi murna da haka. Amma faɗinsu da nauyinsu sun ɗauke wa mahayi wani kaso na aikinsa, ni kuwa wannan kason nake ƙauna. Ga alama ba ni kaɗai ba ne, don da aka kira rukunin tsofaffin babura bakin ruwa cika ya yi, dattijo kuma ya riga ya fara cinikin wani mataccen JS440 da ya gani a bayan wata tirela.