"Tsufa Ne" Ba Sunan Cuta Ba Ne

Shekara uku kakata ta yi a ƙuryar ɗaki tana laluben bango. In ta ji motsi sai ta ce, "Wane ne nan?" Buta sai an miƙa mata, alƙibla sai an juya ta. Duk lokacin da aka yi zancen asibiti sai manya su ce, "Haba, tsufa ne. Ku bar tsohuwa ta huta." Ita ma ta yarda, ta rungumi ƙaddara.

Ranar da baffana ya kafe aka kai ta, likita na haska idon ya ce yanar ido ce. Aikin cire ta ko awa ɗaya bai kai ba. Washegari da aka cire bandeji, ta ƙura mini ido ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka tara gemu?" Kowa ya fashe da dariya. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Shekara uku mun bar ta cikin duhu saboda kalma biyu.

Tun daga ranar na fara tsoron kalmomin nan. Tsoho ya kwana yana zaryar fitsari, tsufa ne. Tsohuwa ta fara manta sunayen jikoki, gigin tsufa ne, wasu ma su laƙa mata maita. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sai ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi.

In ma an je asibitin, da sauran rina a kaba. Ku buɗe ledar maganin kowane tsoho ku gani: na hawan jini daga asibiti, na suga daga wani wurin, diclofenac daga kemis saboda gwiwa, ga jiƙo a gora. Babu likita guda da ya san duka. Alhali shi diclofenac ɗin, in aka daɗe ana sha, yana cin ƙoda, yana gyambo a ciki, yana kuma ƙara hawan jinin da ake nema a sauke. Jikin ɗan shekara 75 ba ya tace magani kamar na ɗan 30.

Kowa ya san likitan yara da likitan mata. Mutum nawa suka taɓa jin likitan tsofaffi? Sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. A 2022 an sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu domin masu rauni, har da tsofaffi. Amma je ka bakin tagar biyan kuɗi a asibiti ka gani: daga aljihun 'ya'ya ake biya, in babu a koma gida a yi jinya a tabarma.

Ni a ganina, ba ranar sallama ake auna nasarar jinyar tsoho ba. Tambayar ita ce, bayan wata uku yana iya alwala da kansa? Yana zagayawa ba sai an riƙe shi ba? Ko kuwa gyambon kwanciya ya cinye masa baya?

Don Allah wannan makon ka zauna gaban tsohonka. Ka tattara magungunansa kaf a leda ɗaya ka kai wa likita, a gwada jini da suga, a duba ido. In za a yi bayani, a yi da shi, ba a kansa ba.

Kakata ta yi shekaru bayan aikin tana tsince shinkafa da hannunta, tana yi mana faɗa in mun bar tsakuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mana shekarun nan uku.